Kwana goman da na ɗaure ɗan kwikwiyona

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare ta hanyar Ƙarfi ina kuma taɓa noma, na taɓa ɗauko wa kaina ɗan kwikwiyo. Na ce na ɗauko wa kaina ne domin babu wanda ya aike ni, kuma babu wanda na yi shawara da shi a gida.

Gidanmu shi ne na biyun ƙarshe a unguwa. Daga mu sai maƙwabcina mai injin niƙa, daga shi sai gonaki. A daminar shekarar, ranar da duk muka tafi wani suna, aka tsallako katanga da rana tsaka aka kwance tumakin mahaifiyata guda biyu. Ba ta yi kuka ba, amma ta yi kwanaki tana zuwa bakin turken da safe ta tsaya tana kallo. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Sai na ce a zuciyata, da akwai kare a gidan nan da ba a yi haka ba.

Ina da wani abokina Bamaguje, tun muna aji ɗaya muke tare, gidansu na can wani ƙauye bayan Ƙarfi. Su kare ba baƙon abu ba ne a wurinsu, da shi suka tashi. Na ji karyarsu ta haihu, sai na hau babur na je. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni ya yi dariya har da dafa cinya.

Ya ce, “Malam, kai da ko kyanwa ba ka taɓa kiwo ba? Kare fa ba kwaɗo ba ne da za ka rataya a ƙofa ka yi tafiyarka. Yaro ne za ka ɗauka.”

Na ce, “Ni da nake fama da yara sittin a aji, ɗan wannan abin ne zai gagare ni?”

Ya zaɓo mini wani baƙi mai farin ƙirji, ɗan wata biyu, cikinsa tim kamar tulu. Ya sa mini shi a kwalin taliya, muka huda kwalin, muka ɗaure a bayan babur. Ina tayar da babur ya riƙe mini hannu ya ce, “In ya cika wata uku ka kai shi Malumfashi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Kada ka yi wasa da wannan.” Na ce to, na ji.

Na iso gida na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana tankaɗe, matata kuma tana goye da ɗanmu na fari tana wanke-wanke. Na ajiye kwali na buɗe. Ɗan kwikwiyo ya leƙo, ya fito yana layi, ya yi taku uku, ya tsuguna ya yi fitsari dab da tabarmar mahaifiyata.

Ta dube shi, ta dube ni. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, “Kai, mene ne wannan?”

Na ce, “Inna, mai gadi ne.”

Ta ce, “Wannan ɗin? To shi wa zai yi gadinsa?”

Matata ta juya baya tana dariya ƙasa-ƙasa. Mahaifiyata ta naɗe tabarmarta ta ce tun da na riga na kawo ba za ta ce in mayar ba, amma kada ta gan shi a ƙofar ɗakinta, kada bakinsa ya taɓa butarta ko kwanon da ake cin abinci. “Kashinsa kuma kai za ka kwashe, ba yarinyar nan ba, ita da goyo.”

Na sa masa suna Zaki. Washegari zakaran gidan ya kore shi har ƙarƙashin rumbu, ya ƙi fitowa sai da na rarrafa na jawo shi.

Makon farko ban san barci ba. Kukan uwarsa yake yi, wani siririn kuka mai shiga kunne, in ya fara sai ɗanmu ya amsa. Na je aji ina hamma, har wani malami ya tambaye ni ko mun yi sabuwar haihuwa ne. Abinci ma ban san me ake ba shi ba. Na zuba masa tuwo da miyar kuka mai yaji kamar yadda muke ci, ya cinye tas, ya wuni yana gudawa, ni kuma ina bin sa da toka da tsintsiya. Sai da na buga wa abokina waya ya ce in riƙa dama masa kunu mara tsami in zuba nono kaɗan, in kuma nemo masa kasko nasa na kansa.

Ya cinye mini takalmin sallar Juma'a ƙafa ɗaya. Ya yayyaga littafin da nake tsara darasi, ranar da shugaban makaranta zai duba. Sau biyu yana lasar bakin butar mahaifiyata, sau biyu ina tsugunawa ina wanke ta sau bakwai tana tsaye a kaina tana ƙirgawa. Kaska kuwa, kullum da yamma sai na zaunar da shi tsakanin ƙafafuna na buɗe kunnuwansa ina cirewa ina jefawa a garwashi. Matata ta ce tun da aka haifi ɗanmu ba ta taɓa ganin na duba kunnensa haka ba. Gaskiya kuwa ta faɗa.

Ranar da ya kashe 'yan tsaki biyu na mahaifiyata na ɗauka zamansa ya ƙare. Ba ci ya yi ba, wasa yake da su har suka mutu, ya kuma kawo mini ɗaya a baki yana kaɗa wutsiya. Na zane shi da kara. Ya kwanta ya ɗaga ciki yana kallona, ko kusa bai san laifin da ya yi ba. Ni ne dai na kwana da nauyin dukan. Da safe na gyara akurki na sa masa ƙofa, abin da ya kamata in yi tun ranar da na kawo shi.

A haka, ban san lokacin da ya shiga raina ba. Ya gane ƙarar babur ɗina tun daga kan kwana, kafin in iso yana zaure yana tsalle. In zan tafi gona ya bi ni, ya gaji a hanya, in ɗauke shi in saɓa a kafaɗa kamar ɗan akuya, mutane na kallona suna murmushi. Akwai kuma wadda ta fi ni son shi, 'yar maƙwabcina, yarinya 'yar shekara biyar. Kullum da safe takan shigo wai ta zo ganin jariri, amma ƙosan da ke dunƙule a hannunta na Zaki ne.

Ya cika wata uku, ya wuce. Zancen allura yana raina, sai dai kaka ta yi, ga karyar masara, ga yankan waken soya, ga makaranta. Kullum sai in ce ranar kasuwa zan kai shi. Ranar kasuwa ta zo in ce ta gaba. Abokina ya tambaye ni sau ɗaya a waya, na ce masa ai an kusa.

Wata rana da yamma muna gona ina tara masara, sai wani baƙon kare ya fito daga cikin dawar maƙwabta. Ja ne, ramamme, kansa a ƙasa. Bai yi haushi ba, bai ko kalle ni ba, kai tsaye ya nufi Zaki ya kama masa kunne. Na jefe shi da fartanya ya saki, ya ci gaba da tafiyarsa a hankali kamar ba abin da ya faru. Kunnen Zaki ya tsage kaɗan. Na wanke masa da ruwan gishiri a gida, cikin kwana uku ya fara bushewa.

Bayan kwana biyu da faruwar haka, muna zaune a ƙofar masallaci, wani ya ce mutanen ƙauyen da ke gabas da mu sun kashe mahaukacin kare, ya ciji maraƙi da akuya. Tambaya ɗaya kawai zan yi, wane launi ne karen? Ban yi ta ba. Na tashi na sa takalmina na tafi gida. Na gaya wa kaina karnuka ja sun yi yawa a duniya.

Aka yi kamar mako biyu. Ranar wata Asabar da safe ina ɗaura wa babur buhuna, sai na ji ƙarar yarinya a tsakar gida. Na shiga da gudu. 'Yar maƙwabcina ce riƙe da hannunta, jini na ɗiga. Zaki yana gwaguyar totuwar masara, ta sa hannu za ta karɓe ta ba shi ƙosai, ya kai mata cizo a gindin babban yatsa. Shi kansa ya tsorata, ya shige ƙarƙashin rumbu. Matata ta zuba wa hannun ruwa ta ɗaure da tsumma, na ɗauki yarinyar na kai ta gida.

Maƙwabcina mutum ne mai sauƙin kai. Ya fito daga ɗakin inji duk jikinsa gari, ya kwance tsumman ya duba, ya ga 'yan huji biyu ne ƙanana.

Ya ce, “Haba Malam, wannan ne ka tayar da hankalinka a kai? Ai ita ta tsokane shi. Ɗan kwikwiyo ne, haƙoran nono. Ka dai yanko mini ɗan gashinsa a ƙona a shafa mata, shi ke nan.”

Na ce, “Alhaji, ka yi haƙuri.”

Ya ce, “Wallahi ba komai. Je ka gonarka.”

A daidai lokacin jan karen nan yana tsaye a cikin idona, da kansa a ƙasa. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Sai na ga yadda mutumin ke murmushi, na tuna shekarun da muka yi ko cacar baki ba mu taɓa yi ba, na tuna abin da unguwa za ta ce, malamin makaranta guda ya ajiye kare ba allura. Na haɗiye. Na koma gida na yanko gashin da almakashi na kai masa. Na hau babur na tafi gona.

Ban yi aikin komai ba. Na cika buhu ɗaya, na zauna a kansa. Ina ta yi wa kaina lissafi: ai kunnen ya warke, ai yana ci yana sha, ai wataƙila ba karen ba ne. Duk wanda na kawo sai wani ya rushe shi. Da azahar na dawo gida.

Mahaifiyata tana inuwar rumbu tana tsintar wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Kai, zo nan.”

Na tsuguna.

Ta ce, “Ciwon da ke kunnen abin nan naka, me ya ji masa?”

Na ce, “Wani kare ne a gona, Inna.”

“Wane iri?”

“Ja.”

Ta ajiye faifan. Ta ce, “Mata sun faɗa a bakin famfo, wanda aka kashe can gabas ja ne. Ka gaya wa uban yarinyar?”

Na tsura wa faifan waken ido.

Ta ce, “Na tambaye ka.”

Na ce, “Inna, ai ba a tabbatar ba. In na faɗa kuma ya zama ba komai, na ɓata tsakanina da shi a banza.”

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da rabona da shi tun ina yaro. Sannan ta ce, “In ya zama ba komai, ka yi asarar gaisuwar maƙwabci. In ya zama da komai fa? Da wane ido za ka zauna a ƙofar gidansa ana karɓar gaisuwa? Da ɗanka aka ciza, so kake a yi maka shiru?” Ta ɗauki faifanta. “Ko ka je, ko in yafa mayafina in je da kaina.”

Ko da haka sai da na ja ƙafa har la'asar. Bayan an idar da salla na same shi a ɗakin inji, mata sun yi layi da kwanukansu. Na yi masa magana bai ji ba saboda ƙara, sai ya kashe injin. Wurin ya yi tsit. Na ja shi gefe na gaya masa komai, jan karen, kunnen, da allurar da ban yi ba.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, “Da safe da ka kawo ta, ba ka san wannan ba?”

Na ce, “Sai da na je gona abin ya faɗo mini.”

Ƙarya na yi. Ta fito daga bakina da sauƙi har na ji tsoron kaina.

Ya shiga gida ya fito da yarinyar, ya ɗora ta a gaban babur ɗinsa, na bi su a baya da nawa har Malumfashi. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta kankare tokar gashin da aka shafa, ta kai hannun bakin famfo ta yi ta wankewa da sabulu, ta daɗe sosai, yarinya na ihu tana kiran babanta. Aka yi mata allurar farko, aka rubuta ranakun da za a dawo da ita a kati. Wani likita ya tambaye ni ina karen. Na ce yana gida. Ya ce kada a kashe shi, a ɗaure shi inda ba zai kai ga kowa ba, a sa masa ido kwana goma. In ya cika kwana goma lafiya lau yana ci yana sha, to lokacin da ya yi cizon babu cutar haukan a miyansa. In kuma ya canza, ko ya mutu, a zo a faɗa nan take.

Washegari da hantsi ƙanin maƙwabcina ya zo ƙofar gidanmu da wasu mutum uku, kowa da gora. Labari ya riga ya zaga unguwa. Na fita na fara yi musu bayanin abin da likita ya ce, babu mai saurarona. Ɗaya ya ce, “Kai da ka jawo abin, kai ne za ka koya mana?” Suka nufo zaure.

Sai ga mahaifiyata a bakin ƙofa, da carbinta a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, “Sannunku da zuwa. Duk cikinku babu wanda ya kai ni ƙin abin nan. Ya kashe mini 'yan tsaki, ya hana ni barci, ya sa butata ta kusa hujewa don wanki. Amma likita ya ce a jikinsa za a gane lafiyar yarinyar nan. In kun kashe shi yau, wa za ku tambaya gobe? Ku ba shi kwana goma. In ya haukace, ni zan aika a kira ku.”

Suka tsaya suna kallon juna. Ƙanin maƙwabcina ya ce, “Shi ke nan Inna, don ke.” Suka juya.

Na ɗaure Zaki da sarƙa a turken da tumakin suka bari, na kewaye wurin da zana. Abinci da ruwa da doguwar sanda nake tura masa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da ya gan ni sai ya miƙe yana kaɗa wutsiya, yana jan sarƙa har ta shaƙe shi, yana jiran in shafa kansa, ni kuma in tsaya nesa ina leƙen idonsa da bakinsa kamar ɗan sanda. In ya yi haushi in ce ko muryar ta canza. In ya yi shiru in ce me ya sa ya yi shiru. Kafin in tafi makaranta in duba, in na dawo ko babur ban gama kafewa ba in duba.

Maƙwabcina ya daina amsa gaisuwata da baki, sai dai ya ɗaga hannu. Matata ta koma kai niƙa can wata unguwa don kunya. An hana yarinyar shigowa gidanmu, amma wata safiya na ji muryarta ta bayan katanga tana tambayar matata, “Zaki ya daina fushi da ni?” Matata ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Ran kwana na shida na dawo daga makaranta na tarar da kunun safe yana nan a kasko bai taɓa ba. Ruwan ma haka. Yana kwance, bakinsa a buɗe, miyau na dalala har ƙasa, yana kai ƙafa yana dakar fuskarsa. Na kira sunansa ya ɗago ya kalle ni, ya yi wani irin gurnani da ban taɓa ji ba.

Na dafa zana. Abin da ke raina kawai shi ne wunin nan da na bari ya wuce da toka a hannun yarinya.

Mahaifiyata ta zo ta tsaya a bayana, ta leƙa. Ta yi salati a hankali. Ta ce, “Na yi alkawarin zan aika a kira su. Amma fara kiran mai ilimin abin.”

Abokina ne ya ba ni lambar likitan dabbobi. Na buga masa nan take. Kafin la'asar ya iso a kan babur da 'yar jakarsa, wani dattijo mara yawan magana. Ya tsaya daga nesa ya daɗe yana kallon Zaki. Ya sa na kaɗa ruwa a kasko, Zaki ya matso yana son sha, ya kasa, ya koma. Dattijon ya ce, “Hmm.” Ya sa safar hannu mai kauri har gwiwar hannu, ya zarga masa igiya ya danne shi da buhu, ya sa wani ƙarfe ya buɗe bakin ya haska da fitilar waya. Sai na ji ya yi 'yar dariya.

Ya ce, “Malam, wa ya ba shi ƙashi?”

Wani guntun ƙashi ne ya gindaya a saman bakinsa, ya maƙale tsakanin haƙoran dama da na hagu. Ya sa ɗan ƙarfe ya fizgo shi. Ana sakin Zaki ya faɗa kan kaskon ruwa, ya sha, ya sha, har sai da ya ga ƙasan kasko, sannan ya juya kan kunun da ya yi tsami ya lashe.

Ni dai ban ba shi ƙashi ba. Na waiwaya. Mahaifiyata ta kau da kai tana gyara mayafi.

Ta ce, “Na ga kwana biyar kunu kawai kake tura masa. Abu a ɗaure, ba shi da bakin roƙo.”

Na zauna a ƙasa daɓas, a cikin turken tumaki, da kayan makaranta a jikina. Dariya nake ko kuka, ni ma ban sani ba.

Ya cika kwana goma lafiya. Likitan dabbobin ya dawo ya yi masa allura, ya ce saboda cizon jan karen in ci gaba da tsare shi wasu watanni ina lura, kada ya yi yawo, kada yara su matsa kusa. Na yi yadda ya ce, wannan karon ban ɗaga ko kwana ɗaya ba. Yarinyar ta gama alluranta, hannun ya warke, sai ɗan tabo. Zaki bai taɓa nuna wata alama ba. Ya girma ya zama ƙaton kare mai murya, ya yi shekara tara a gidan nan, ba a sake tsallako mana katanga ba, har tsufa ya ɗauke shi.

Tsakanina da maƙwabcina kuwa sai da aka ɗauki lokaci. Damina ta zagayo kafin ya koma tsayawa mu gaisa sosai. Ban matsa masa ba, don na san yana da gaskiya.

In na tuna wannan abu yanzu, ba wahalar kiwon ce ke fara zuwa mini ba, duk da na sha ta. Kashi da kaska da takalmin da aka cinye duk sun zama abin dariya. Abin da na gane shi ne, ranar da ka shigo da mai rai gidanka, ba kai kaɗai ka ɗauke shi ba. Ka ɗora shi a kan uwarka da matarka da duk yaron da zai leƙo ƙofarka, alhali ba ka tambaye su ba. Allurar da na yi ta ɗagawa daga kasuwa zuwa kasuwa, a hannun 'yar mutane aka zo aka biya ta. Na kuma gane wani abu game da kaina da ban so na sani ba. Ni da nake tsayawa gaban yara ina ce musu su faɗi gaskiya ko da za a doke su, da aka zo kaina, murmushin maƙwabci kaɗai ya isa ya rufe mini baki.

Shekaru bayan haka maƙwabcina zai tafi Umara da iyalinsa. Ana gobe za su tashi ya yi sallama a ƙofar gidana, ya miƙo mini mabuɗan gidansa da na ɗakin inji. Na ce ai ga ƙannensa nan. Ya ce, “Malam, ran nan da a ce ka yi shiru, da har abada ba zan sani ba. Amma ka zo ka same ni a gaban mutane ka faɗi abin da zai ja maka zagi. Tun ranar na san wanda zan bar wa gidana.”

Na tsaya da mabuɗan a hannu, sun yi mini nauyi. Na ce, “Alhaji, zauna, akwai sauran magana.” Muka zauna a dakalin zaure na gaya masa cewa tun da safen na sani, na yanko masa gashin ina sane, kuma ba don tsohuwa ta ce za ta yafa mayafi ta je da kanta ba, ban san ko zan je ba. Na ce abin da na faɗa masa a ɗakin inji ƙarya ne.

Na miƙa masa mabuɗansa.

Bai karɓa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya ya ce, “Inna, na bar wa ɗanki mabuɗai. Ki sa masa ido.”

Daga ciki ta amsa, “Allah ya kai ku lafiya, Alhaji. Ai ban taɓa ɗauke ido ba.”